Madubin hangen nesa: yadda ake zaɓensa, girka shi da kare shi daga ƙura da laima

A garuruwan da ke bakin babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, daga Gidan Rumji zuwa Agiye da Gazawa, madubin hangen nesa ya daina zama kayan soja da na baƙi masu yawon buɗe ido kawai. Jami'an gandun daji na aiki da shi, malaman gona na bin sawun tsuntsun jan baki da shi, masu duban jinjirin wata na nemansa, haka ma makiyayin da ke son hango garkensa daga kan tudu. Sai dai da yawa daga cikin madubin da ake saye ba sa daɗewa, kuma ba kasafai faɗuwa ce ke kashe su ba. Abin da ya fi lalata su shi ne mazauni marar ƙwari, da gogewa da gefen riga, da ajiya inda zafi ko laima ke samunsu.

Ire-irensa da asalinsa

Iri uku ne aka fi gani. Akwai mai ido biyu, wanda a Nijar ake kira jumel, daga kalmar Faransanci. Akwai mai ido ɗaya, dogo, wanda ake ɗorawa kan ƙafa uku. Akwai kuma wanda ake ɗaurawa a kan bindigar farauta. Dukansu aikinsu ɗaya: gilashin gaba ya tara haske, na baya ya girmama hoton ya miƙa wa ido.

Ilimin gani da haske ya samu babban tushe daga Ibn al-Haisam, wanda ya rubuta Kitabul Manazir a Masar a farkon ƙarni na 11. A 1608 wani mai yin tabarau a ƙasar Holan, Hans Lipperhey, ya nemi a yi masa rajistar madubin hangen nesa, kuma a 1609 Galileo ya ƙera nasa a Italiya. Jumel irin na yau ya samo asali ne daga dabarar Ignazio Porro ta 1854, wato amfani da dunƙulen gilashi mai kusurwa domin miƙe hoto da gajarta jikin madubin. Kamfanin Zeiss na Jamus ya fara sayar da irinsa a 1894. A 1935, a wannan kamfani, Alexander Smakula ya samar da siririn shafin da ake yi wa fuskar gilashi don rage ƙyalli. Wannan shafi mai launin shuɗi-shuɗi ko kore-kore shi ne abu na farko da mugunyar gogewa ke cinyewa.

Ma'anar lambobin da ke jikinsa

Kowane jumel na ɗauke da lambobi biyu, misali 8x42 ko 10x50. Ta farko tana nuna yawan kusantarwa: da mai lamba 8, bishiyar gawon da ke nisan mita 800 za ta bayyana kamar tana mita 100. Ta biyu faɗin gilashin gaba ne da milimita. Gilashi mai milimita 50 yana tara haske ninki huɗu na mai milimita 25.

Idan aka raba lamba ta biyu da ta farko, za a samu faɗin ɗigon hasken da ke fitowa zuwa ido. A 8x42 ya kai milimita 5 da ɗan ɗoriya, a 7x50 kusan 7, a 10x25 kuwa 2.5 kacal. Da rana ƙwayar idon mutum tana tsukewa zuwa milimita 2 ko 3, don haka ƙaramin madubi ya wadatar. Da magariba tana buɗewa har kusan 7 ga matashi, kimanin 5 ga wanda ya manyanta. Shi ya sa ƙaramin jumel na aljihu yake yin duhu daidai lokacin da mai duban wata ya fi bukatarsa.

Babbar lamba ba ita ce inganci ba. Madubi yana girmama rawar hannu kamar yadda yake girmama hoto, kuma da an wuce 10 ko 12 hannu ba ya iya riƙe shi cak. Filin da ake gani ma yana raguwa. Ga yawancin ayyukan karkara, 8x42 ko 10x50 sun isa.

Masu bukatarsa a wannan yanki

Yankin Agiye ya yi suna wajen sassaben zamani, wato barin tohon itatuwa su girma a cikin gonaki, kuma ƙauyen Ɗan Saga na cikin waɗanda aka fi ambata. Kwamitocin sa ido na ƙauyuka da jami'an gandun daji na da faɗin fili da za su duba, haka nan a kwarin Gulbin Kaba mai goruba, wanda ya ratsa ta yankin Gazawa, gundumar da aka cire daga Agiye a 2011. A yamma kuma akwai Gulbin Maraɗi da ya bi ta Tibiri da Gidan Rumji, da dajin Babban Rafi a kudu. Tafkin Madarunfa na karɓar tsuntsaye masu ƙaura, a arewacin jahar kuwa akwai gandun Gadabeji, wanda aka kafa a 1955, aka kai masa raƙuman dawa 8 daga yankin Kure a 2018. Ƙidayar dabba ko tsuntsu a irin waɗannan wurare na bukatar a tsayar da ido minti da yawa a wuri ɗaya, abin da hannu kaɗai ba ya iyawa.

Mazauni: ƙafa uku da abin da ke maye gurbinta

Kamar yadda tukunya ke zama daram a kan duwatsun murhu uku ko da ƙasa ba ta miƙe ba, haka madubi ke zama a kan ƙafa uku. Ana yin ƙafar da alminiyam, wato sanholo, ko da katako, ko da zaren kabon mai tsada. Nauyin sanholo kusan kashi ɗaya cikin uku ne na baƙin ƙarfe, kuma ba ya tsatsa, shi ya sa ya dace da mai yawo a babur. Amma rashin nauyin na da illarsa: iskar hunturu tana girgiza shi. Maganin shi ne a rataya jaka mai ɗauke da yashi ko gorar ruwa a tsakiyar ƙafafun, a kuma guji ɗaga sandar tsakiya har ƙarshe. A ƙasa mai rairayi irin ta jigawar Agiye, a danna kowace ƙafa ta nutse kafin a ɗora madubin.

Notin da ke haɗa madubi da ƙafa iri ɗaya ne a kusan duk duniya, mai kaurin rubu'in inci, wato milimita 6.35, irin na kyamara. Yawancin jumel masu girma suna da ramin wannan noti a gaban gaɓar da ke tsakiya, a ɓoye ƙarƙashin ɗan murfi. Ana ɗaura wani ƙarfe mai siffar harafin L a wurin. Maƙeri ko mai walda zai iya lanƙwasa irinsa, muddin aka samo notin da zarensa ya dace. Noti mai milimita 6 na kasuwa yana kama da shi, amma zarensu ya bambanta, kuma tilasta shi yana cinye ramin har abada.

Inda babu ƙafa uku, sandar makiyayi mai baki biyu, ko buhun gero a kan katanga, ko jingina gwiwar hannu a kan sirdin babur da aka kashe injinsa, duk suna rage rawa sosai.

Zobba da dogon da ke riƙe madubin bindiga

Madubin bindigar farauta yana zama ne a cikin zobba biyu, su kuma zobban suna kama wani dogon ƙarfe da ke saman bindigar. Jikin madubin galibi kaurinsa inci ɗaya ne, wato milimita 25.4, ko milimita 30, kuma dole zoben ya zama daidai da shi. Dogon ma iri-iri ne: akwai siriri mai milimita 11 da ake gani a bindigar iska da ƙananan bindigogi, akwai samfurin Weaver, akwai kuma Picatinny, wanda Amurka ta tsayar da ma'auninsa a 1995, faɗinsa kimanin milimita 21. Zoben Weaver yakan zauna a kan Picatinny, amma na Picatinny ba lallai ya shiga ramukan Weaver ba, domin sun fi tsukewa.

Zobba marasa nauyi ana yin su ne da sanholon da aka gauraya, mai lamba 6061 ko 7075, kuma na biyun ya fi ƙarfi. Amfaninsu a fili yake ga mai tafiyar ƙasa yini guda. Rauninsu yana wurin zare: noti na baƙin ƙarfe ne, ramin kuma na sanholo, idan aka matse fiye da kima zaren ya tafi. Masu ƙera su kan ba da ma'aunin matsewa da ya kai kusan niyuton-mita 2 ga notin zobe, wato abin da yatsu uku ke iya yi da ƙaramin makulli. Ana matse notocin bi da bi, kaɗan-kaɗan, har tazarar da ke gefen hagu da ta dama ta zama ɗaya. Matsewar da ta wuce haka tana lotsa jikin madubin ta hana kayan cikinsa motsi. Sanholo kuma yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe, don haka a wurin da sanyin asubar Janairu da zafin Afrilu suka yi nisa da juna, ya kamata a riƙa duba notocin lokaci-lokaci.

Tazarar ido daga gilashin baya takan kai santimita 8 zuwa 10. Wanda ya matso fiye da haka, bugun bindigar zai sa bakin madubin ya tsaga masa gira. Bindigar iska mai sifirin kuma tana bugu gaba da baya, abin da ke wargaza madubin da ba don ita aka yi shi ba.

Yawancin maharban ƙasar Hausa ba su da bukatar wannan madubi. Bindigar toka ta maƙera da mai harsashin kalibar 12 suna watsa ƙwayoyi ne a ɗan gajeren zango, inda ido ya wadatar. Huda ko walda a jikin bututun bindigar toka don a ɗora madubi na raunana ƙarfen, kuma bututun da ya fashe mai riƙe da shi yake fara ci. Akwai kuma ƙa'idar da duk masu koyar da farauta suka yi ittifaƙi a kanta: ba a amfani da madubin bindiga don a gane ko wane ne ke tafe. Duk abin da madubin ya kalla, bakin bindiga ma shi yake kallo. Wannan aikin jumel ne.

Daidaita jumel da idon mai shi

Da farko a lanƙwasa gaɓar tsakiya har da'irori biyun da ake gani su haɗe su zama ɗaya. Sannan a rufe gilashin dama da murfinsa, a kalli abu mai kaifin siffa, kamar rubutun allon shago ko hasumiyar masallaci, a murɗa dabaran tsakiya har ya fito sarai. Sai a rufe na hagu, a murɗa ɗan zoben da ke kan idon dama kawai har hoton ya fito. Wannan zobe yana cike bambancin ƙarfin idanu biyu, kuma da an daidaita shi ba a sake taɓa shi, sai idan wani ya ara. Mai sanye da tabarau ya naɗe robar bakin idon ƙasa, ya kuma nemi madubin da tazarar idonsa ta kai milimita 15 ko fiye.

Da tsakar rana a bazara, iska mai zafi da ke tashi daga ƙasa tana sa hoto rawa kamar ruwa. Wannan kawalwalniya ce, ba laifin madubin ba ne, kuma ƙara kusantarwa ƙara ta yake yi. Hantsi da yammacin la'asar sun fi dacewa da duba abu mai nisa.

Duban jinjirin wata

Ba a ɗaga madubi zuwa yamma sai rana ta faɗi gaba ɗaya. Gilashin da ke tara haske yana tara zafi, kuma kallon rana ta cikinsa na ɗan lokaci kaɗan na iya ƙone cikin ido, makantar da ba ta da magani. Haka nan kada a bar shi a hannun yara da rana.

Jinjirin daren farko yana bayyana ne kusa da inda rana ta faɗi, kuma yakan bi bayanta cikin abin da bai kai sa'a ɗaya ba. A girka ƙafa uku tun da wuri a fili mai buɗaɗɗen yamma, a daidaita madubin a kan bishiya mafi nisa, sannan a riƙa sharar sama a hankali daga hagu zuwa dama. Masanin taurari na Faransa André Danjon ya nuna a shekarun 1930 cewa idan tazarar wata da rana ba ta kai kimanin digiri 7 ba, jinjirin ba ya ganuwa. Dunƙulen hannu a miƙe yana rufe kusan digiri 10 na sama, wanda ke taimakawa wajen kintace. Hazon hunturu kan ɓoye wata ko da yana nan. Hukuncin shaidar wanda ya gani da madubi na malamai ne, sanarwar kamawar wata kuma ta hukumomin addini ce da na ƙasa.

Abin da kowane lokaci na shekara ke yi masa

Daga Nuwamba zuwa Fabarairu ƙura ce abokiyar gaba. Iskar hunturu na ɗauko ta daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta haɗu da rairayin gida. Ƙwayar yashi ta fi gilashi tauri. Wanda ya hura numfashi ya goge da gefen rawani tamkar ya bi gilashin da takardar gurza ne: ba a gani a karon farko, amma bayan wata biyu hoto ya yi dishi-dishi. Ƙurar tana shiga dabaran tsakiya ma, ta cakuɗe da man da ke ciki.

A Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a inuwa, cikin motar da aka rufe a rana kuwa yana iya haura 60. Irin wannan zafi yana narkar da man cikin madubi ya malalo kan gilashi, yana sassauta gam ɗin da ya haɗa gilasai, yana kuma sa robar jiki ta yi danƙo. Gaban mota da akwatin babur da rufin kwano duk wuraren gudu ne.

Daga Yuni zuwa Satumba, musamman a Agusta, laima ce. Fumfuna tana tsirowa a cikin gilashin da aka rufe a wuri mai duhu da danshi, tana kama da saƙar gizo, kuma idan ta daɗe tana cin shafin ta bar tabo. Jakar fata, duk da kyanta, tana riƙe danshi. Ajiya mafi kyau a damina ita ce roba mai murfi da ke rufewa ruf, tare da ƴan ƙunshin ƙwayoyin shan laima da ake samu a kwalin takalma ko na magani. Ana busar da su a rana mai zafi a sake amfani da su. Madubin da ruwan sama ya taɓa a bar shi ya bushe a inuwa, murafensa a buɗe, kafin a ajiye.

Yadda ake gogewa

Ana fara ne da hure ƙura da ƴar robar hura iska, gilashin yana kallon ƙasa. Sai a bi da buroshi mai laushi wanda ba a taɓa yin wani aiki da shi ba. Bayan nan ne kawai ake kawo ƙyalle, irin na goge tabarau, mai tsabta, da ɗigon ruwan goge gilashi ko alkol na kantin magani. Ana ɗiga ruwan a kan ƙyallen, ba a kan gilashin ba, a goge daga tsakiya zuwa gefe ba tare da dannawa ba. Fetur, kananzir, omo da takardar bayan gida duk suna ɓata shafin. Ƙura kaɗan ba ta hana gani, don haka yawan gogewa ya fi ta illa.

Kada a kwance madubi a gida. Masu inganci an cika su da iskar nitirojin an toshe, kuma da an buɗe kariyar ta tafi. Dunƙulen gilashin ciki ma idan ya goce da ƙasa da kaurin gashi, idanu biyu ba za su sake haɗa hoto ɗaya ba.

Kafin a biya kuɗi

Ko a kasuwar Maraɗi ne, ko wurin masu kayan gwanjo, ko saƙo daga Kano, gwaji huɗu sun isa. A haska tocilar salula ta gilashin gaba a duba fumfuna, hazo ko tsaga. A girgiza shi kusa da kunne, kada a ji motsi. A riƙe shi nesa da fuska yana kallon sama mai haske: ɗigon hasken da ke idon baya ya zama da'ira cikakkiya, domin mai gefuna huɗu masu duhu alamar gilashi mai araha ce. A ƙarshe a kalli wayar lantarki ko saman katanga, a ja fuska baya a hankali. Idan layin ya karye, ɓangare ɗaya ya fi ɗaya tsawo, madubin ya goce, kuma zai jawo ciwon kai cikin ƴan mintoci.

A yi hattara da ƙananan jumel masu jan gilashi da aka rubuta wa lambobi irin 60x60 ko alkawarin gani da dare. Na'urar gani da dare ta gaskiya tana aiki da batir, kuma wani abu ne daban.

Doka da tsaro

Farauta a Nijar tana ƙarƙashin doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998, wadda ta tanadi lasisi da lokutan buɗe farauta, ta kuma haramta farautar dare da farauta daga cikin mota. Mallakar bindiga na bukatar izinin hukuma, kuma tun 1994 ƙasar na da hukumar tattara makaman da ba sa bisa ƙa'ida, wato CNCCAI.

Yanayin tsaro ya ƙara wa batun nauyi. Ƙauyukan kan iyaka na Gidan Rumji da Madarunfa sun sha fama da satar shanu da garkuwa da mutane, kuma a 2019 dubban ƴan gudun hijira daga Sakkwato, Zamfara da Katsina suka tsallako yankin. A irin wannan wuri, baƙon da aka gani yana leƙen gari ko garke da madubi ana iya ɗaukarsa ɗan leƙen asirin ɓarayi. Mai aiki da jumel ya riƙe rasiɗin saye da takardar aikinsa, ya fara gabatar da kansa ga mai gari, kuma kada ya juya shi wajen barikin soja, shingen jandarma ko cikin gidajen mutane. Mai neman bayani kan lasisin farauta ko shiga gandun daji zai same shi a ofishin kula da muhalli na gundumarsa, a Agiye, Gazawa ko Gidan Rumji.